Wuta Ta Kama a 'Yar Kwatano

Litinin, da hantsi, ɗakin malamai

Wuta ta kama a motata. 'Yar ƙarama ce, ruwan ɗorawa, a jikin allon da ke bayan sitiyari, siffarta tsakanin famfo da butar shayi. Wai hoton inji ne. Ta kama daidai lokacin da nake sauke Fatiha a ƙofar makarantarsu. Ta leƙo daga kujerar baya ta ce, "Umma, motarki ta buɗe ido." Ba ta gama iya rubuta sunanta ba, amma kawo yanzu ita ce ta ba da bayani mafi ma'ana.

Motar tana tafiya lafiya lau. Ba gargada, ba hayaƙi, ba ƙara. Wannan ne ya fi damuna. Na fi son abu ya lalace a fili.

'Yar Kwatano muke ce mata, don daga can aka shigo da ita. Ita kaɗai ce abin da ke gidanmu da sunana a takardunsa. Tun da ya rasa aikin ofis, mijina Zulkiflu ke karɓar makulli da zarar na taso daga makaranta, ya ce zai je bin maganarsa. Ban tambayi wace magana ba. Na aure shi yana da ofis, yanzu yana da magana.

An kaɗa ƙararrawa. Zan shiga aji in koya wa 'yan mata yadda ruwa ke zama tururi.

Talata, bayan azahar

Laifina ne, da na Hausa. Inna, mahaifiyar Zulkiflu, ta kira daga Kende tana tambaya ko zan kai mata Fatiha. Na ce, "Inna, sai na ga hali, wuta ce ta kama a motar." Ban kai ga cewa ƙarama ba. Ta saki salati, na ji wayar ta faɗi, na ji kukan kaji. Na yi ta kira ba a ɗauka. Kafin a tashi makaranta Kende ta ji, Kurgu ta ji, wani ƙanin Inna ya hau babur ya taho jaje.

Wannan duk abin dariya ne, kuma na yi. Zulkiflu ne bai ba ni dariya ba. Ya shigo makarantarmu a guje, ba hula, ya wuce maigadi kamar bai gan shi ba, ya same ni a baranda.

"Ina Fatiha? Tana ciki?"

"Cikin me?"

"Motar, Mashkura! Ta ina ta fara? Ta baya?"

Na nuna masa ita ƙarƙashin darbejiya, akuya kwance a inuwarta. Na kunna, na nuna masa wutar. Ya daɗe yana kallo, yana haki. Sai ya ce in daina yi wa tsofaffi Hausar 'yan boko, ya juya ya tafi.

Ta baya. Injin a gaba yake.

Laraba, da safe

Tana nan.

Alhamis, bayan la'asar

Na ce wa Zulkiflu akwai taron malamai, na kai ta wurin Ango bakanike, a bakin hanyar tasha. Ya leƙa kansa ta taga, ya yi irin murmushin da ake yi wa amaryar da ta ƙona miya.

"Malama, wagga wuta ai ado ta. Je ki tasha ki leƙa, duk motar da ba ta da ita, ƙwanta ne ya mutu."

"To me take nufi?"

"Turawa sun sa ta don a riƙa kai musu mota. Mu nan kan batir muke cirewa, ta ɗauke. In ta dawo, salatif."

"In ɗanka yana kuka, salatif kake liƙa masa?"

"Wallahi da yana kamawa da na liƙa."

Yana dariya ya zaga bayan motar, nan dariyar ta tsaya. Ya ja hanci. Ya danna but da tafin hannunsa, ya saki, ya kalli yadda ta ɗago. Bai ce in buɗe ba. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ci gaba da gogewa bayan ya fita.

"Ki bari mai gida shi kawo ta."

"Motata ce, Malam Ango."

"Awo, taki ta. Ki dai bari shi kawo ta."

Mutum biyu ke nan na nuna wa gaban mota suka tafi bayanta.

Asabar, da yamma

Zulkiflu ya fita da ita tun safe. Ya dawo ya miƙo min makulli kamar wanda ya ci kofi. "An gyara. Waya ce ta saki." Na duba, allon baƙi ƙirin.

Ya kawo wa Fatiha burodi, dogon nan siriri mai ɓawo wanda ake gasawa a tsallaken boda. Ya ce a Kende ya saya. Ina taya Kende murna. Kwana biyu ban je ba, ashe Faransa ta karɓe ta.

Ya yi wanka, ya zauna ya wanke kayansa da kansa. Tun da muka yi aure ban taɓa ganin hannunsa cikin kumfa ba.

Lahadi, bayan sallar asuba

Na karanta a waya cewa in ka murɗa makulli ba ka tayar da inji ba, dole duk fitilun allon su kama na ɗan lokaci, kamar kiran suna a aji. Na fita na murɗa. Batir ya amsa, mai ya amsa, birki ya amsa. Butar shayi shiru.

Na haska tocila ta gefe. Salatif ne baƙi, an yanka shi daidai wa daida, kuma ta cikin gilashin. Ke nan an kwance allon, an liƙa, an mayar, an ɗaure kowane noti. Aiki mai tsafta. Duk wannan wahala don kada in ga abin da bai fi ƙwayar wake ba.

Na bar shi. In na tayar da inji, hasken yana ɗan tsiyayowa ta gefensa.

Abin da nake son sani bai da yawa. Me motar take ƙoƙarin gaya min, kuma ko zan iya ci gaba da sa 'yata a cikinta. Sauran tambayoyin ba nawa ba ne, ko kuma nawa ne ban shirya ba.

Talata, bayan magariba

Safina, ƙawata tun jami'a, ta aiko min da wata na'ura mai karanta kwamfutar mota daga Birnin Kebbi ta hannun direban tasha, a cikin ledar dambun nama. Ba ta fi akwatin ashana ba. Akwai wani soket ƙarƙashin sitiyari wanda na yi shekaru ina shurin sa da gwiwa ban san da shi ba. Na durƙusa a tsakar gida, kai a ƙasa, hijabi a wuya, na jona ta. Wayata ta gaisa da motata. Sun fi wasu ma'aurata saurin fahimtar juna.

P0455.

Bayanin ba wuya. Tankin fetur a rufe yake ruf. Tururin da ke tashi a cikinsa yana bin wani tiyo zuwa wani gwangwani mai gawayi, daga nan inji ya zuƙe ya ƙone. Lokaci lokaci kwamfutar motar takan gwada ta ga ko rufin yana riƙe iska. Tawa ta gwada, ta ce ba ya riƙewa. Akwai kafa, kuma babba. Abin da ya fi jawo haka, in ji duk inda na duba, murfin tanki ne da bai ɗauru ba ko robarsa ta cinye.

Murfi. Na ji daɗi har na ji kunya.

Na kira Safina. Ta ce, "Kin gani? Ke komai sai kin kai shi kotu. Ki sayi murfi ki bar bawan Allah ya ji da abin da ke damunsa."

"Burodin fa?"

"Ki ci abinki."

Laraba, da yamma

Na sayi sabon murfi, na murɗa shi har ya yi ƙara, na goge lambar ta waya. Hasken gefen salatif ya ɗauke.

Alhamis, bayan isha'i

Ba ta kama ba. Na yi wa Zulkiflu tuwon shinkafa da miyar kifi. Ya ci, ya ƙara, ya kwaikwayi yadda ƙanin Inna ya shigo jaje yana neman tokar mota. Fatiha ta yi dariya har ta shaƙe. Na manta yana da wannan muryar.

Juma'a, da la'asar

Ta dawo. A hanyar kai Fatiha Kende, wani ɗan zare ruwan ɗorawa ya fito ta gefen salatif. Na tsaya a bakin hanya na jona na'urar, ko da wata sabuwa ce. Ita ce dai, lamba ɗaya, ba ta canza ko harafi ba.

Fatiha ta ce kanta na ciwo. Ta ce, "Umma, Antin ajinmu ta ce ina warin janareta. Ta ce in gaya miki a daina shanya min kaya kusa da shi."

Janaretanmu ya mutu tun bara.

Na sauke gilasai duka. Iskar bazara ta shigo kamar daga bakin tanda. Na ce ta dawo gaba ta zauna kusa da ni, ta yi murna, ta ɗauka girma ne ya zo.

Asabar, da hantsi

Zulkiflu ya tafi ɗaurin aure a ƙafa, bayan layinmu.

But ba ya buɗuwa. Ya ce min kubar ta lalace, an daɗe. Tayar safaya kuma tana ɗakin ajiya, wai za a yi mata faci, ita ma an daɗe. Ni da ake cewa ba abin da ke wuce idona. Na shiga kujerar baya, na ja majinginin, ya faɗo gaba cikin sauƙi kamar ya saba.

An rufe shi da kafet. Akwatin ƙarfe ne, tankin fetur na ɓoye, faɗin motar gaba ɗaya, waldarsa kamar kitson da aka yi ana sauri. An yanke tiyon nan da ya kamata ya tafi gwangwanin gawayi, an karkato shi nan, an ɗaure da robar tsohon tub. Robar ta tsattsage. Ga kafata. Babba, kamar yadda aka ce.

Na ƙwanƙwasa da yatsa. Ya amsa da ƙarar wofi. Da ban yi karatu ba da na ce alhamdu lillahi babu komai a ciki. Amma ni ce nake tsayawa gaban allo ina cewa, 'yan mata, ku rubuta, ba ruwan fetur ke kamawa ba, tururinsa ne.

Akwai dutsen kitson Fatiha guda ɗaya, shuɗi, a maƙale a ɗinkin majinginin. Nan take jingina.

Na mayar da komai yadda yake. Na wanke hannu. Na sake wankewa.

Lahadi, bayan la'asar

Na ajiye masa wayar kusa da kofin shayi, lambar a buɗe.

"Baban Fatiha, motar ta ce akwai kafa."

"Mota ba ta magana."

"Wannan tana yi. An liƙe mata baki, sai ta aiko ta waya."

Ya juya cokali a kofin da ya riga ya sha rabinsa.

"Kin buɗe."

"Majinginin ne ya faɗo."

"Saura na ranar Laraba, Mashkura. In na yi shi zan cire."

"Na me?"

"Kin sani."

"Ban sani ba. Ni lamba kawai na sani."

"Kowa yi yake. Abokina Haliru tun bara yake yi, ko ƙwarzane bai samu ba."

"Haliru 'yarsa ba ta jingina da shi."

Ya ce kullum sai ya juye shi tas kafin ya kawo min. Ya faɗa da alfahari, kamar wanda ya yi tanadi. Na buɗe baki zan yi masa darasin tururi, sai ya ce, ba da ƙarfi ba, "Har yaushe zan zauna a ƙofar gida ina amsa gaisuwar masu zuwa aiki?"

Wannan ba ta cikin manhaja. Na kwashe kofuna.

Litinin, da safe

Na kai motar makaranta ni kaɗai, gilasai a sauke, na ajiye ta can ƙarshen fili, nesa da masu tuya. Fatiha da ni mun koma hawa kabu-kabu. Makullin motar na biyu na ɗauke shi daga aljihun kaftaninsa.  Gidan ya yi tsit kamar ɗakin jarrabawa.

Laraba, da safe

Ya tsaya a ƙofar kicin ya miƙo hannu. Na ce a'a. Ya ce mutane suna jiransa a tsallake, ya riga ya yi alkawari. Na ce su yi ta jira. Ya ce, "To, ai ba motarki kaɗai ce mota ba."

Can sai ga hon a waje. Haliru ne, abokinsa tun firamare, da tsohuwar motarsa mai zaman ɗuwawu a ƙasa. Ya ɗago min hannu, "Malama, an hana mu 'Yar Kwatano ko? Za mu kai ƙara wurin hedimasta!" Zulkiflu ya shiga gaba ya ja ƙofa.

Na ji kamar na ci nasara. Na rubuta don ya zama a rubuce.

Laraba, bayan azahar

Dela maƙwabciyarmu ta shigo ba sallama, zani a hannu.

"Malama, wuta ta kama mota a hanyar Tsamiya, gaban gada!"

Na ce, "Wace irin wuta?"

Haka na ce. Da bakina.

"Wuta, Malama, wuta! An ce hayaƙin har daga kogi ana hango shi. Allah ya so ki, taki tana makaranta."

Ba ta san motar wa ba ce. Wayar Zulkiflu a kashe. Ta Haliru a kashe. A can da ma sabis ba ya kamawa, kowa ya san haka. Na share tsakar gida. Na kira. Na tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa. Na kira.

Inna ta kira, tana dariya tun kafin ta gaisa. "Ke ɗiyar nan, na ji ana ta batun wuta a mota. Na ce musu ku rabu da ni, an yi min sau ɗaya. Wagga ma ta fitila ta ko?"

Na ce, "E, Inna."

Laraba, kafin magariba

Makullan biyu suna cikin jakata.

Alhamis, da rana, asibiti a Birnin Kebbi

Yana raye.

An naɗe hannayensa har gwiwa. Girarsa babu. Shi ya fita lafiya, ƙofarsa ta buɗe. Ta Haliru ce ta ƙi, sai ya koma. Iya abin da na samu ke nan, kuma ba daga bakinsa ba, daga wani mai babur da ya kawo su.

Haliru yana wani ɗaki da ba a barin shiga. Matarsa Zuhura tana zaune a ƙasa a baranda, takalminta ƙafa ɗaya. Likita ya faɗi wani abu da Turanci a kan yawan jikin da ya taɓu, yana ganin ba wanda ya gane. Na gane.

Na ba Zulkiflu kunu a baki. Bai ce ke kika hana ni makulli ba. Ban ce na gaya maka ba. Muna da tarbiyya, mu biyun.

Asabar

An kai Haliru bayan azahar.

Litinin, da yamma

Inna ta zo ta zauna da mu. Ta kalli hannayen ɗanta, ta kalle ni, ba ta tambayi komai a kan fitila ba. Da na kai mata ruwa ta riƙe min wuyan hannu na ɗan lokaci, sannan ta saki.

Ba na iya zama. Na goge kicin, na goge abin da na goge. In da na ba shi makullin, da a tawa za su tafi, ko shi kaɗai, ko ba a yi komai ba, ko an yi. Na iya lissafi, wannan ne ya ƙi fita.

Alhamis, da hantsi, garejin Ango

Shi ya ce mu je. Na tuƙa, yana gefe, hannayensa a sama kamar mai addu'ar da ba ta ƙarewa.

Ango ya taso ya yi masa jaje, sannan ya kalle ni. Na ce, "Ga mai gida ya kawo ta." Bai yi dariya ba, kuma ya kyauta.

Zulkiflu ya ce, "Ango, cire shi."

Ango ya kori mai shayi da risho ɗinsa zuwa tsallaken titi, ya cire kan batir, ya cika akwatin da ruwa kafin ya sa masa sifana. Sai da aka taru aka ciccibo shi. A ƙasa ya fi girma. Ango ya yanko sabon tiyo, ya mayar da shi hanyarsa ta asali zuwa gwangwanin gawayi, ya ɗaure da kilif na ƙarfe.

"Ba ni na yi wanga aiki ba, Malama."

"Ban tambaya ba."

"Na dai faɗa."

Ya kwance allon, ya zaro gilashin. Salatif ɗin yana nan. Ango ya kai hannu, Zulkiflu ya ce ya bari. Ya ɗago naɗaɗɗun hannayensa ya kalle su, ya kalle ni.

"Ni na sa. Ke za ki cire."

Na sa farce na ɓare. Ya bar ɗan danƙo, na goge da bakin mayafi.

Aka mayar da batir, na jona na'urar. Babu lamba. Amma a ƙasa wayar ta rubuta cewa gwajin tanki bai kammala ba. Sai an yi ta tafiya, an tayar da ita da sanyin safiya, tanki ba a cike ba kuma ba a bushe ba, sannan kwamfutar za ta gwada da kanta, a lokacin da ta ga dama.

Ango ya ce, "To ai ta mutu, Malama, mi kuma?"

Na ce, "Shiru ta yi. Ba ta yarda ba tukuna."

Juma'a, bayan la'asar

Mun mayar da Inna Kende. Safaya ta koma raminta, but yana buɗuwa, ashe kubar ba ta taɓa lalacewa ba. Inna da Fatiha a baya, Fatiha ta jingina. Na sunkuya na shinshina kujerar kafin ta shiga, Inna ta yi kamar tana gyara ɗankwali.

Na murɗa makulli. Fitilu suka amsa gaba ɗaya, har da butar shayi. Na tayar, ta ɗauke.

"Umma, ta buɗe ido ta rufe!"

Mun wuce tasha, mun wuce gidan su Haliru, har yanzu da tabarmi a ƙofa.  Can gaban gonakin shinkafa na faɗa rami, Inna ta yi salati.

Zulkiflu ya ce, "Kalli hanya, Mashkura. Tun da muka baro gida Bagudo idonki yana kan allon nan."

"Ba ta kama ba."

"Na sani. Ki tuƙa, ni ina kallonta."

Asabar, da safe

Ba ta kama ba. Wayar ta ce ba ta gama dubawa ba. Na bar na'urar a jone.